Filash Ashirin da Uku a Gwangwanin Maɓalli

3 ga Fabrairu

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗiya ga uwa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen shago. Yaya ƙafar? Baba ya ce kin daina shan maganin wai yana sa ki jiri. Don Allah ki koma wa likita ya canza miki, kada ki yanke wa kanki hukunci. Ni lafiyata ƙalau, sai murar da sanyin ofis ya sa mini, ita ma ta kusa tafiya.

Kin ce in riƙa rubuto miki a takarda, tunda ƙarar keken surfani ta cinye miki kunne, a waya sai "iye? iye?" To ga shi na cika alkawari, ko da yake na makara da kwana goma sha ɗaya.

Kin tambayi Baba wai wane irin aiki ne ake ɗaukar mutum don ya yi kiwon cuta. Bari in faɗa miki da kaina. Kamfaninmu yana yin manhajar riga-kafi, wadda ke kare kwamfuta daga ƙwayoyin cuta da miyagun mutane ke rubutawa. Ɗakin bincikenmu yana hawa na uku, ba shi da taga. A bakin ƙofa kowa ke kulle wayarsa a akwati. A ciki tebur takwas ne, kuma kwamfutocin ba su haɗe da waje ba. Idan aka kamo sabuwar ƙwayar cuta, mukan sake ta a cikin ɗayansu, mu zuba ido mu ga halinta. Daga nan sai mu rubuta abin da muke kira alama, wato siffar da riga-kafin zai gane ta da ita a duk inda ya gan ta. Kafin a fitar da alama, sai an gwada ta a kan taskarmu ta lafiyayyun manhajoji, don kada ta kama marar laifi.

Goggo, ranar 28 ga Janairu aka fitar da alamata ta farko. Mako biyar na yi a kanta. An gwada ta a kan fayil miliyan huɗu, ba ta kama ko ɗaya bisa kuskure ba. Ba ni da izinin faɗa miki abin da take kamawa, mun sa hannu a kan haka. Shugabarmu, wadda muke kira Dakta, ba ta da yawan magana. Duk abin da mutum ya ce, amsarta ɗaya: "Nuna mini." Na nuna mata, ta ce, "To." Abokan aikina sun ce wannan "to" ɗin ya fi lambar yabo.

Har yanzu gwaji ake mini. Ranar 31 ga Maris kwamiti zai zauna ya tabbatar da ni ko ya sallame ni. Ki sa ni a addu'a. Kullum ina tuna cewa a shagonki na fara taɓa kwamfuta, ina shekara goma sha biyu, mijinki Injiniya yana tsaye a kaina. Allah ya jiƙan sa, ya ƙara miki haƙurin rashinsa.

'Yarki,
Sau-Biyu

19 ga Fabrairu

Sau-Biyu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Ƙafa da sauƙi, likita kuma zan je in na ga dama. Na ga har yanzu kina nan da halinki na ƙirga kwanakin da kika makara. Tun kina duba kwaɗon ƙofa sau biyu na san haka za ki ƙare.

Na karanta wa duk wanda ya shigo shago, har wanda ya zo tambayar hanya. Sai dai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, don haka ki riƙe Daktar nan da kyau.

Yanzu ga abin da ya faru. Don jin daɗi na kira mai gyaran kwamfuta na bakin titinmu, na ce ya sa wa tsohuwar kwamfutar Injiniya riga-kafi, kuma na kamfanin 'yata nake so, ba wani ba. Ya zo ranar sha huɗu ga wata ya sa. Ko tashi daga kujera bai yi ba wani jan akwati ya fito a allo. Ya ce an kama cuta an killace ta. Na ce madalla, aikin 'yata ke nan. Da na zo tura zane zuwa keke, sai na nemi manhajar Injiniya na rasa. Ita ce wadda ya rubuta da hannunsa, ita kaɗai keken ke jin maganarta. Yau kwana biyar keke na tsaye kamar an yi masa rasuwa. Rigunan makaranta sittin suna jiran baji, na raba wa maƙwabta su yi mini.

Ana cewa riga-kafi ya fi magani, ni dai riga-kafin ne ya kwantar da ni. Mai gyara ya ce manhajar ce cutar, wai a wanke kwamfutar tas. Na ce ya dakata, ina da likitar cuta a gida. Jan akwatin ya rubuta lamba, na kwafo miki: 7714. Ki gaya mini gaskiya.

Goggonki

27 ga Fabrairu

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ƙafa kuma ta ƙara sauƙi. Murar ta warke. Takardarki ta same ni jiya da rana, na karanta ta sau huɗu.

Zan rubuta abin da na sani kawai, ba zan ƙara da abin da nake zato ba.

Na tuna manhajar Injiniya. Duk telan da ya kawo filash don a zuba masa zane, sai ta kwafe kanta a ciki, don in ya je gida ya iya buɗe zanen ya nuna wa mai kaya. Injiniya ya nuna mini da kansa, yana dariya, ya ce baƙo ba ya fita gidan nan hannu rabbana. Wannan abin da take yi, wato kwafe kanta cikin kowane filash ba tare da tambaya ba, shi ne daidai abin da wata ƙwayar cuta take yi. Shi ya sa riga-kafin ya kama ta.

Ba zan iya ce miki tana da lafiya ba sai na gan ta da idona a ɗakin bincike. Akwai kuma abin da ba ni da izinin faɗa miki tukuna.

Ga roƙona. A kashe kwamfutar. Kada a ƙara sa mata filash, kada kowa ya taɓa ta, ko mai gyara. Zan nemi izinin zuwa da kaina.

Ki yi haƙuri da tsayuwar keken.

'Yarki,
Sau-Biyu

14 ga Maris

Goggo,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Yau kwana goma sha biyar ban ji daga gare ki ba. Na kira wayarki sau tara, a kashe. Baba ma ya kira daga can garinsu, bai samu ba. In ƙafar ce ta tashi, ki sa wani ya rubuto mini ko layi biyu ne.

Yanzu ina da izinin faɗa miki abin da na ɓoye. Lamba 7714 tawa ce. Alamar da na yi miki alfahari da ita, ita ce ta tsayar miki da keke.

Kwana shida na yi ina juya maganar kafin in faɗa wa Dakta. Ba zan yi miki ƙarya ba, na yi tunanin yin shiru har kwamiti ya zauna. Wani abokin aikina da muke kira Dogo, mutumin kirki ne, ya ja ni gefe a wajen tulun shan ruwa ya ce, "Ke dai akwai neman wa kai magana. Shago ɗaya a duniya? Ki bari a tabbatar da ke, sai ki gyara a hankali. Wa zai sani?" Na ce ni zan sani. Kuma ba ni da tabbacin shago ɗaya ne. Mu dai ɗaya muka ji labarinsa, shi ma don mai shagon goggona ce.

Ranar biyar ga wata na shiga ofishin Dakta. Na ce ina zaton alamata ta kama marar laifi. Ta cire tabarau ta ce, "Zato?" Na ce e. Ta ce, "Nuna mini." Alamar tana kare dubban mutane daga cuta ta gaske, ba za a janye ta a kan labari ba. Ta ce dole sai na kawo manhajar kanta an feɗe ta. Ta ba ni har zuwa ranar kwamiti.

Manhajar ba ta ɓata ba, Goggo. Killace ta aka yi, kamar a kulle mutum a ɗaki. Tana nan cikin kwamfutar muddin ba a wanke ba. Na sami izinin kwana biyu, zan zo ranar 24.

'Yarki,
Sau-Biyu

12 ga Maris

Sau-Biyu,

Ina gaishe ki. Jiki lafiya, zuciya ce dai sai a hankali.

Takardarki ta 27 ta iso. Na gode da ba ki rufe ni ba. Kin ce abin da manhajar take yi shi ne daidai abin da cuta take yi, kin ce ba za ki iya cewa tana da lafiya ba, kin ce kada kowa ya taɓa kwamfutar. Ni ba yarinya ba ce. Na san yadda likita ke magana in yana jin nauyin masu jinya. Sauran abin da kika ce ba za ki iya faɗa ba, na faɗa wa kaina.

Shekara goma sha ɗaya ke nan teloli na kawo mini filash, ashe cuta nake zuba musu su kai gida. Na san bawan Allah nan bai yi da gangan ba, bai taɓa cutar ko kiyashi ba. Amma yana kwance a kabari, ba zan bari abin da ya bari ya ci gaba da cutar mutane da sunansa ba. Na kashe waya don ba na son jaje.

Ranar takwas ga wata na sa mai gyara ya wanke kwamfutar, ya zuba mata sabon tsari. Zane ɗari huɗu da wani abu sun tafi tare da ita. Ban yi kuka a gabansa ba.

Daga nan na ɗauki sanda na bi teloli shago-shago ina ba da haƙuri, ina karɓar filash ɗinsu. Wani ya ce, "Hajiya, ai ni bai taɓa mini komai ba." Na ce kawo dai, 'yata ta karanci abin. Na tara ashirin da biyu a gwangwanin maɓalli. Saura na Gajere, ya yi tafiya, sai ashirin da biyu ga wata zai dawo. Ranar zan haɗa su duka in sa guduma. Ni ba Sau-Biyu ba ce, aiki ɗaya sau ɗaya nake yin sa.

Ki mai da hankali ga kwamitinki. Kada wannan ya dame ki.

Goggonki

20 ga Maris

Goggo,

KADA KI FASA FILASH KO ƊAYA. Ki ajiye guduma, sannan ki karanta sauran.

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na sa magana gaban gaisuwa. Takardarki ta 12 sai yau da safe ta iso, ta saɓa da tawa a hanya. Wannan ba ta gidan waya zan aiko ba. Na ba direban motar safe, ya yi mini alkawarin zai sa miki a hannu gobe kafin la'asar.

Injiniya bai rubuta cuta ba. Ban taɓa zaton haka ba, ko na minti ɗaya. Laifina ne. Na tsaya auna kowace kalma don kada in faɗi abin da ban tabbatar ba, har na kasa faɗa miki abu mafi sauƙi: ni nake zargi, ba shi ba. Da na ce kada a taɓa kwamfutar, don a adana abin da ke ciki ne, ba don tana da haɗari ba.

Ga yadda abin yake. Ɓarawo yana shiga gida ta taga. Mai gida ma in ya manta makulli yana shiga ta taga. Ni na rubuta wa mai gadi cewa duk wanda ya shiga ta taga a kama shi. Ban ce ya duba ko ya fito da kayan mutane ba. Taskarmu ta fayil miliyan huɗu kuwa duk manhajojin manyan kamfanoni ne. Babu ko ɗaya irin wadda mutum ya zauna ya rubuta wa matarsa don kekenta. Shi ya sa gwajin bai nuna komai ba.

Abin da ke cikin kwamfutar ya tafi, tunda an zuba sabo a kai. Zan gwada, amma ba na so ki sa rai. Sai dai ki tuna maganarsa: baƙo ba ya fita hannu rabbana. Kowane filash da ke cikin gwangwanin nan ya taɓa shiga kwamfutar. Manhajar na cikinsu, tare da zanen da kowane tela ya karɓa, in dai ba a sa shi a wata kwamfuta mai riga-kafinmu ba bayan 28 ga Janairu. A cikin ashirin da uku, ɗaya kawai nake bukata.

Ki rufe gwangwanin ki sa a ƙarƙashin gado. In Gajere ya kawo nasa, ki jefa a ciki. Ina nan tafe ranar 24, kuma wannan karon da bakina zan yi bayani, ko da ihu ne a kunnenki.

'Yarki mai laifi,
Sau-Biyu

2 ga Afrilu

Goggo,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, gwangwani ma ya iso lafiya, a kan cinyata ya yi tafiyar. Ina fatan kin je wa likita kamar yadda kika yi mini alkawari a bakin mota. Har yanzu ina jin zafin kunnen da kika ja mini, kuma na cancanta.

Ga sakamako. Cikin filash ashirin da uku, huɗu sun lalace, biyu alamata ta riga ta share su. Goma sha bakwai suna ɗauke da manhajar, duk iri ɗaya, ba bambancin ko harafi. Kwana uku na yi ina bin ta layi-layi. Tana karanta zane, tana magana da keke, tana kwafe kanta. Ba ta ɓoyewa, ba ta taɓa fayil ɗin kowa, ba ta aika komai ko'ina. Dakta ta zauna kusa da ni awa biyu tana dubawa. A ƙarshe ta ce, "Wa ya rubuta wannan?" Na ce mijin goggona, mai gyaran injuna ne, shi ya koya wa kansa. Ta ce, "Hannunsa na da tsabta."

Na sake rubuta alamar. Yanzu ba ta kama mai shiga ta taga sai ta ga ya ɗauki kaya. An fitar da gyaran ranar 29. An kuma sa manhajar Injiniya a taskar lafiyayyu. Daga yau duk alamar da za ta fita daga ɗakin nan sai ta bi ta gabanta.

Zane ɗari biyu da tamanin da shida na samo. Sauran ban same su ba, har da reshen furen da ya zana miki na bakin mayafi. Na duba sau biyu, na ƙara na uku. Ki yafe mini.

Kwamiti ya zauna. Ba a tabbatar da ni ba, ba a kuma sallame ni ba. An ƙara mini wata shida na gwaji. Wani a cikinsu ya ce kwana shidan da na yi shiru sun fi kuskuren muni. Ban yi musu ba, gaskiya ya faɗa. Na fita na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na nemi abu ɗaya: a bar ni in yi wata shidan ina tattara irin waɗannan manhajoji na ƙananan shaguna, waɗanda ba kamfani ya yi ba, in gano yadda riga-kafi zai riƙa bambanta su da cuta. Dakta ta ce, "A ina za ki same su?" Na ce ban sani ba tukuna. Kin san abin da ta ce.

Na mayar da gwangwanin ta hannun direban nan, da sabon filash mai ɗauke da komai, da takardar bayani ga mai gyara, mataki bakwai. Ya bi su a jere, kada ya tsallake na huɗu.

'Yarki,
Sau-Biyu

17 ga Afrilu

Sau-Biyu,

Wa alaikumus salam. Na je wa likita, ya canza maganin, sai ki bar ni in sha iska.

Keke ya tashi ranar tara ga wata. Mai gyara ya tsallake na huɗu, ya dawo ya bi. Da allura ta fara sauka sai na ji ƙarar har cikin ƙirjina. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Hajiya, dama mun huta." Na ce hutun ya ƙare.

Na sake ɗaukar sanda na bi telolin nan shago-shago na mayar wa kowa nasa, waɗanda nasu ya lalace na ba su sabo. Wancan zagayen haƙuri na ba su, wannan kuwa labari na ba su, cewa an kai aikin Injiniya gaban manyan masana an feɗe, an ce hannunsa na da tsabta. Gajere ya ce, "To Hajiya, da ban yi tafiya ba fa?" Na ce rufe mini baki. Ga shi dai na yi aiki ɗaya sau biyu, kada ki kuskura ki yi dariya.

Reshen furen kada ya hana ki barci. Mayafin na nan a akwati, zan zauna in kwafo shi daga jikin yadin. Ba zai yi kamar nasa ba, amma zai yi.

Wata shida kuma ba shekara shida ba ne. Kin ce ba ki san inda za ki samo irin manhajar ba. Da kin tambaye ni. A zagayen nan na tsaya wajen mai yanka gilashin tabarau, nasa wani ƙaninsa ne ya rubuta masa. Mai buga kati yana da ɗaya. Mai sassaƙa allon suna ya ce tasa ta ɓace tun watan jiya bayan wani jan akwati ya fito, ya ɗauka tsautsayi ne. Na ce masa kada ya bari a wanke komai, na san mai laifin, kuma tana nan tafe.

Direba zai kawo miki gwangwanin. Maɓallan na juye a kwano. Filash tara ne a ciki, kowanne na ɗaura masa ƙyalle da sana'ar mai shi. Ki kai wa Daktar nan ki nuna mata.

Amma kafin nan, ki duba su sau biyu.

Goggonki